Kwalbar da Dada Ta Hana Ni Zubarwa

Jiya ina wanke hannu na ji ɗayanku, ku ɗalibai, yana gaya wa abokinsa cewa aikin ɗakin binciken nan bai wuce haɗa shayi ba: a zuba wannan, a motsa, a jira. Ba zan kama suna ba. Mai maganar ya san kansa, kuma shi ne wanda kullum yake shigo mana da farar rigar aiki a buɗe kamar mai zuwa biki. Ni ce Saratu, wadda kuke ce wa Maman Lab a bayan idona kuna zaton ba na ji. Kafin in miƙa makullin firiza in koma garinmu Vimtim in kama noman gyaɗata, bari in rubuta muku abin da ke cikin shayin nan.

Ga aikin a taƙaice, don na lura wasunku sun iya zana shi a takardar jarrabawa amma ba su iya faɗarsa da bakin gida ba. Ƙwayoyin ciwon daji suna ɗauke da wasu furotin da lafiyayyen jiki bai saba fitarwa ba. Su ne tambarinsu. In sojojin garkuwar jiki suka gane tambarin, suna iya kai wa ciwon hari. Masu bincike suna son sanin jinin wane majiyyaci ne ke gane tambarin, da yadda za a koya wa wanda bai gane ba. To amma ba za ka yanka mutum kullum don ka ɗebo tambari ba. Sai aka ɗauki umarnin ƙera furotin ɗin daga halittar ɗan Adam, aka ɗinke shi a wani ɗan mitsitsin zobe da ido ba ya gani, aka cusa zoben cikin bakteriya. Bakteriyar ta ci romo, ta hayayyafa, ta yi ta ƙera mana furotin ɗin mutum ba tare da ta san wa take yi wa bauta ba. Mu kuma mu fasa ta, mu tace, mu fitar da namu. Bakteriyar da ke ɗauke da zoben ita muke kira iri, kuma duk abin da ke ɗakin nan, har da ni da ku, hidimar irin nan muke yi.

Aikina na farko a nan wankin kwalabe ne, kuma na ji haushin hakan ƙwarai. Na zo da takardata, na yi shekaru ina duba jinin zazzaɓi a wani ƙaramin asibiti, ina ganin na isa. Dokta Umaru, wanda ya kafa ɗakin nan bayan ya dawo daga karatu a waje, ya dubi takardar ya ce ta yi kyau, sannan ya nuna mini famfo. In na wanke, sai ya ɗaga kwalbar ya zuba ruwa ya juye, ya duba yadda ruwan ke gangarowa. In ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikin gilashin, akwai sauran maiƙo ko sabulu, sai a koma. Daga famfo ya mai da ni kan fifet, wannan abin ɗiban ruwa da kuke riƙewa kamar biro. Ruwa zalla na yi ta ɗiba ina zubawa a ma'auni har sai da hannuna ya daina ƙarya. Mutum ne marar faɗa, amma yana da wani shiru da gara ya zage ka. Ranar da ya fara cewa, "Malama Saratu, ke za ki shuka na yau," sai da na fita baya na ɗan taka rawa ni kaɗai.

Shuka ita ce a ɗebo ɗan iri da lanƙwasasshiyar waya a tsoma a romo. Ana ƙona wayar a wuta har ta yi ja, a bari ta huce, kuma ba a magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba, don abin da ke bakin mutum ya fi namu irin kuzari. A nan ne akwai maganar da nake so ku riƙe, domin a kanta labarina zai tsaya. Bakteriya malalaciya ce. Zoben nan kaya ne a kanta, yana cin ƙarfinta, in ta sami sarari sai ta yar da shi ta ci gaba da cin romo a banza. Shi ya sa aka haɗa zoben da kariya daga maganin amfisilin, mu kuma muke zuba maganin a romon. Wadda ta riƙe zobe ta rayu, wadda ta yar ta mutu. Muddin maganin yana da ƙarfi, ba mai sauke kaya.

Akwai wata bazara da muka yi ta shuka muna girbar tsaki. Zafin Mubi na wannan lokaci kun san shi. Bakteriyar tana ƙera furotin ɗin da sauri har ya dunƙule ya zama gudaji kamar tuwon da bai ji muciya ba, kuma dunƙulallen furotin ba ya aiki. Dole a rage mata zafi ta yi aikin a hankali. Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, janareto yana tari. Muka jiƙa buhuna muka lulluɓe injin girgiza kwalaben shuka, muka kafa masa fanka, ina sintiri da bokiti. Da aka zo tacewa kuma sai hannu ya gane kurensa, don komai a kan ƙanƙara ake yi. Mai ƙanƙarar unguwarmu Yelwa ya daɗe yana zaton zoɓo nake sayarwa. Ruwan da aka fasa bakteriya a ciki ana bi da shi ta wani siririn bututu cike da ƙananan duwatsu masu kama namu furotin su saki sauran tarkace. Yana sauka ɗigo bayan ɗigo, ba ka isa ka hanzarta shi ba, in kuma ka tafi duba wayarka ya bushe, to aikin mako ya tafi. Bayan duk wannan, abin da za ka samu bai cika cokalin shayi ba, kuma kamarsa ɗaya da ruwan famfo.

Tun da ido ba ya bambanta shi da ruwa, jel ne alƙalinmu, wani ɗan falle mai kama da daskararren koko. A ɗiga kaɗan a kan jel, a ba shi wuta, a rina shi shuɗi, a wanke. In furotin ɗin yana nan, wani ɗan layi zai fito a daidai mazauninsa. In babu, babu, ko da kin yi azumi a kansa. Na ga manyan mutane masu digiri suna leƙen tasar rini kamar masu jiran sakamakon haihuwa.

Masu karɓar kayanmu iri-iri ne. Akwai ɗalibin da zai zo ranar Alhamis yana so ranar Juma'a, kamar ƙosai yake saye. Akwai likitocin wani asibitin koyarwa da ke gwada furotin ɗin da jinin majiyyata, kuma su ne suka fi tsanani, da gaskiyarsu. In ɓurɓushin fatar bakteriya ya saura a ciki, sojojin jini za su tashi a kansa, a yi murna ana zaton sun gane daji, alhali dattinmu suka gani. Su ake aika wa a kula cike da ƙanƙara, kuma sai na tsaya a tasha na ga inda direba ya sa ta, tun daga ranar da wani ya ɗaure mini ita a saman mota kusa da akuya. Amma wanda ba na mantawa wani tela ne da ya zo da hularsa a hannu. Ya ji ana cewa muna haɗa maganin daji, matarsa kuma tana kwance. Na zaunar da shi na ce masa wannan ba magani ba ne, kayan bincike ne, ko an ɗura mata ba abin da zai yi, ya mai da ita asibiti kada ya biye wa masu jiƙe-jiƙe. Ya ce, "To, yaushe zai zama magani?" Na ce ban sani ba. Ya yi godiya ya sa hularsa. Ku ma za a yi muku wannan tambaya, kuma duk wanda ya amsa da ƙarya don a ji daɗinsa, ba ni na koya masa aiki ba.

Sai shekarar gudu, da 'yan bindiga suka shigo Mubi kowa ya watse. Wasunku a goye aka fita da ku, ba sai na ba ku labarin abin da iyayenku suka riga suka ba ku ba. Ni abin da ya shafi aikinmu zan faɗa. Da safiyar ranar ina ɗakin nan, Dokta kuma yana Yola wajen taro. Duk irinmu yana cikin firiza, firizar kuma a garƙame da kwaɗo, saboda mutanen ofis sun mai da ita wurin ajiye ruwan leda da naman miya, har Dokta ya gaji ya riƙe makullin a aljihunsa. Shi ya ɗinka zoben nan da hannunsa, shekaru ya ɗauka, kuma ba wani wuri a duniya da ke da irinsa. Na same shi a waya da ƙyar.

"Malama Saratu, ki bar komai ki fita," in ji shi.

Na ce, "Dokta, akwai shukar jiya a inji. Kwalba biyu."

Ya ce, "In ba za su tsayar da ke ba, ki ɗauka. In sun zame miki nauyi a hanya ki tafasa su ki binne. Ranki ya fi."

Kada wani ya karanta wannan ya ce Maman Lab ta halatta fita da iri zuwa gida. Ba a yin haka. Namu iri raunanne ne, ba ya sa cuta, kuma da izinin mai ɗakin na fita da shi, a ranar da ba doka ko ɗaya da ke tsaye a garin. Na kwashi kwalaben biyu, da wasu ƙanana marasa komai, da wayar shuka, da ragowar garin romo, da katin amfisilin na kemis da ke jakata. Na ƙulle su a ɗankwali na bi ayarin mutane.

A hanyar Maiha na haɗu da Dada Hajara. Bafulatana ce da ta yi shekaru tana kawo mini kindirmo gida a Yelwa, muna ciniki muna faɗa a kan ludayi, ban taɓa sanin inda take kwana ba. Ta gan ni ina ɗingishi, takalmi ya tsinke, ta ce da Hausarta ta Fulani mai ce wa mace "ka", "Malama, ina za ka?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ka biyo ni." Haka na tsinci kaina a rugarsu, can bayan Sorau, ni Kirista 'yar manoma, a bukka ɗaya da tsohuwar da ke tashi sallar asuba ta tsallake ƙafafuna a hankali don kada ta tashe ni.

Shukar farko a ruga ita ce ta fi ba ni wuya. Iri a romo ba ya daɗewa. Yana cinye abincinsa ya mutu a cikin dattin kansa, don haka dole a riƙa ɗiba ana mai da shi sabon romo. Babu tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta, sai na koma dabarar da: in tafasa kwalaben da romonsu yau, in bar su, in sake tafasawa gobe, in sake jibi. Garwashi ne wutar ƙona wayata. In buɗe kafson amfisilin in auna garin da tsinin wuƙa. Sai maganar ɗumi, don bakteriyar nan ɗumin jikin mutum take so. Na duba ko'ina ban ga injin da ya fi cikina ba, sai na naɗe kwalaben a gefen zane na ɗaure a ƙugu, inda mata ke ɗaure 'yan canjinsu. Da su nake ɓare gyaɗa, da su nake zuwa rafi. In romon ya yi duhu-duhu, alamar sun hayayyafa, sai in saka su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa su huta. Tsofaffin kuwa in tafasa su in binne nesa da shanu. Layi biyu na riƙe dabam-dabam, kamar yadda Dokta ya saba, ɗaya da jan zare a wuya, ɗaya da baƙi.

Dada ta daɗe tana kallon abin da nake yi. Ran nan tana kaɗa nono ta ce, "Malama, wannan abin da kake goyo, maganin tsari ne?"

Na yi dariya na bayyana mata iya yadda zan iya. Na ce iri ne, kamar yadda take rage ɗan kindirmon jiya ta zuba a madarar yau. Wannan ta gane nan take, har ta gyara mini zama. Da na ambaci ciwon daji kuwa sai ta ajiye maburgi. Ashe babbar 'yarta da shi ta rasu, a mama ya kama ta, ta bar yara. Ta tambaye ni ko abin nan zai warkar da masu irin ciwon. Na gaya mata abin da na gaya wa tela. Ta ce, "Amma ana nema?" Na ce ana nema, kuma wannan yana cikin kayan neman. Daga ranar ta hana kowa taɓa randar, ta kuma ware mini wata tukunya da ba a dafa komai a cikinta sai kwalabena.

Makonni suka zama watanni. An ce gari ya lafa, amma makarantu a rufe, ɗakin nan ba wanda ya san halin da yake ciki, wayar Dokta kuma sai na hau tudu nake samunta, ita ma ba kullum ba. Garin romo ya ƙare, na koma tafasa nama in tace in sa gishiri, kuma nama a gidan Fulani ba abin kullum ba ne, sun fi son ganin saniya a tsaye. Amfisilin ɗina ya ja baya. Sai na sayi wani a kasuwar ƙauye, a teburin wani mai magani da ya baje kayansa a tsakar rana. Na raba: mai jan zare ta ci gaba da ragowar na Mubi, mai baƙin zare ta koma na kasuwa.

Nan da nan mai baƙin zare ta yi ƙiba. Kafin yini ya raba romonta ya yi kauri kamar kunu, abin sha'awa. Mai jan zare kuwa sai ta kwana ta wuni kafin ta ɗan yi hazo, kamar yaron da aka yaye da wuri. A littafi na san ba duk ƙiba ce lafiya ba a wannan aiki. Amma na gaji, kuma gajiyayyen mutum kwalbar da ta cika yake so ya yarda da ita. Ga shi wasu kwalaben sun fashe wajen tafasa, nama ya yi wuya, kafson Mubi ya kusa ƙarewa. Na yanke shawarar in riƙe layi ɗaya. Wata safiya na ɗora tukunya, na ɗauko mai jan zare zan jefa ta a tafasasshen ruwa.

Dada ta riƙe mini hannu. "Me za ka yi?"

Na ce, "Dada, wannan ta rame, mutuwa take yi. Ga mai ƙarfi nan."

Ta ce, "Ka ɗanɗana?"

Na ce ai ba a ɗanɗana wannan, sai an koma Mubi an sa shi a jel za a san abin da ke ciki.

"To ba ka ɗanɗana ba ke nan," in ji ta. "Ni ba na wanke ƙwaryar jiya sai na sa na yau a baki. Wani nono yana kama da wuri, ka ga ya yi kyau, ka sha ka ji ba naka ba ne. Ka bar shi."

Na ce babu nama, babu kwalba, babu magani. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba ko a kan ludayi. Ita ko a jikinta. Ta karɓe kwalbar daga hannuna ta ƙulle a nata zanen, ta koma kan ƙwaryarta. Da yamma sai ga ta da kaza a fige. Zakaranta ne, wanda take ajiye wa baƙi. Ta ce in yi romon da ƙirjin, sauran mu ci. Bayan kwana biyu wani ɗan'uwanta da ya tsallaka iyaka ya dawo mini da katin amfisilin daga kantin magani na gaske, mai rufi da inuwa. Haka na ci gaba da ciyar da layi biyu, ina yi ina gunaguni, ita kuma ramammiyar a ƙugun Dada take kwana, wai ɗumin tsohuwa ya fi daɗewa.

Da muka dawo Mubi, ranar da muka zo buɗe ɗakin nan ni da Dokta, mun tarar da ƙofa a ɓalle. Firizar ma babu ita. An ɗauke ta da kwaɗonta da duk abin da ke ciki, sai shatin ƙafafunta a siminti. Dokta ya ciro makullin daga aljihu ya dube shi ya mayar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni sosai. Sai na kwance gefen zanena na ajiye masa kwalba biyu a kan tebur. Ya kalle su, ya kalle ni, ya ce, "Har yanzu?" Na ce har yanzu, amma ban san abin da ke ciki ba.

Sai da muka yi aron kayan aiki daga nan da can kafin mu iya gwadawa. Muka shuka layin biyu, muka fasa, muka ɗiga su gefe da gefe a jel ɗaya, muka rina. Ni na riƙe tasar ina karkaɗawa, shuɗin yana fita a hankali. Gefen mai baƙin zare ya fara washewa. Tarkace iri-iri suka fito, amma mazaunin furotin ɗinmu fayau, ba komai. Maganin kasuwa rana ta riga ta kashe shi, bakteriyar ta ga ba mai tsaronta, ta yar da zobe ta yi ta cin romon zakara a banza. Ƙibar ke nan. Dokta ya karɓi tasar ya ɗaga ta wajen taga. A gefen ramammiyar, daidai inda ya kamata, ga ɗan layi nan, siriri amma ba mai musu. Ita kaya ne ya hana ta ƙiba. Dokta ya ce, "Alhamdu lillahi," ni kuma na ce, "Yesu na gode," muka zauna a kan benci kamar waɗanda suka sauke dutse.

Daga wannan kwalba muka zaɓo iri mai tsabta, aka aika aka karanta zoben aka tabbatar bai canja ba, muka daskarar da sabo. A wannan karon ba mu bar shi wuri ɗaya ba. Akwai shi a ɗakunan bincike biyu na abokan Dokta, nesa da nan, kuma makullin firiza ya zama biyu. Likitocin asibitin koyarwa suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ba zan ce muku an sami magani ba. Amma jinin wasu majiyyatanmu yana gane tambarin nan, kuma yanzu ana tambayar dalilin da ya sa na wasu yake ganewa, na wasu ba ya yi. Tambaya ce da a da sai dai a yi ta a kan jinin mutanen wata ƙasa, yau ana yin ta a kan namu. Wataƙila amsar a hannun ɗayanku take, har da mai buɗaɗɗiyar riga, in ya koyi wankin kwalba. Duk furotin ɗin da kuka taɓa tacewa a ɗakin nan, da wanda za ku tace bayan na tafi, jikan ramammiyar nan ne. Shi ya sa in kun buɗe firiza za ku ga akwatin iri ɗaure da jan zare, kuma wanda ya kwance shi don wai bai yi kama da kayan kimiyya ba, daga Vimtim zan zo in same shi.

Da Dada ta dawo kawo nono Yelwa, na tare ta a ƙofar gida da hoton jel ɗin a wayata. Ta sauke ƙwarya, ta goge hannu, ta kai wayar kusa da ido ta kuma nisanta ta.

"Ina abin?"

Na nuna mata da farce.

"Wannan ɗan zaren? Shi muka yi ta goyo? Shi ya ci zakarana?"

Na ce shi ne, kuma daga kwalbarta ya fito, ɗayar ba komai a cikinta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ambaci sunan 'yarta a hankali, ta shafa fuska. Sannan ta miƙo mini wayar, ta ɗauki ludayi ta fara auna mini nono, har da gyara, abin da ba ta taɓa yi ba sai da faɗa.

"To, Malama," in ji ta, "yanzu ka ɗanɗana. Je ka zubar da mai ƙiban."